Lacca: abin da ke hana xdotool motsa kibiyar maus

Assalamu alaikum. To jama'a, yau kan matsala ɗaya tak zan tsaya, wato xdotool. Wanda bai san shi ba, ɗan ƙaramin furogiram ne na Linux da Jordan Sissel ya rubuta, kana buga masa umarni a taminal shi kuma ya ja maka kibiyar maus ko ya danna maɓalli kamar da hannunka. Ka rubuta xdotool mousemove 500 300, kibiya ta tashi ta koma wurin.

Kwanaki wani ɗalibina ya zo min da laftof ɗinsa ransa a ɓace, ya goge xdotool ya sake saukewa har sau uku, datarsa ta ƙare, kibiya na nan tsaye cik a tsakiyar sikirin, kuma abin da ya fi ba shi haushi ko kuskure ɗaya taminal bai nuna ba, umarni ya wuce lafiya lau kamar ya yi aiki. Wallahi ya ba ni tausayi, don furogiram ɗin lafiyarsa ƙalau.

Na ce masa buga echo $XDG_SESSION_TYPE, umarnin da ke nuna tsarin da ke kula da sikirinka. Sai ga wayland ta fito. Nan gizo ke saƙa.

Ku gane, xdotool da X11 yake magana, tsohon tsarin nan da ke kula da sikirin da maus da kibod a Linux, wanda ke nan tun 1987, ta wata ƙofa da ake kira XTEST. A X11 kowane furogiram na iya ja maka maus, yana iya leƙen abin da kake bugawa a wata taga, har da faswad ɗinka. Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbinsa, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, da gangan ya toshe wannan ƙofar, ni kuma ina ganin sun yi daidai ko da ya takura mana. A cikin nau'o'in Linux, Fedora ta koma kan Wayland tun 2016, Ubuntu ta gwada a sigarta ta 17.10 ta janye a 18.04 sannan ta dawo a 21.04, shi ya sa darussan da kuke gani a intanet da yawa na zamanin da ne. To me ya sa bai yi ƙorafi ba? Saboda akwai XWayland, wato X11 da ke gudana a cikin Wayland, da aka bari don tsofaffin manhajoji, xdotool ya same shi ya miƙa masa saƙo ya ɗauka an gama, alhali kibiyar gaske ba a hannun XWayland take ba.

Mafita mafi sauƙi, fita daga akawun ɗinka, wajen sa faswad akwai ɗan alamar giyar inji mai haƙora a ƙasa, zaɓi Ubuntu on Xorg, wato X11. Amma daga 25.10 an cire wannan zaɓin, sai dai ydotool, wani furogiram mai irin aikin xdotool. Shi ta /dev/uinput yake bi, wato yana yi wa kwamfuta shigar maus na gaske, sai dai dole ydotoold, mataimakinsa da ke aiki a bayan fage, ya kasance yana gudana kuma yana da izinin taɓa uinput, in ba haka ba shi ma zai tsaya.

In kuwa x11 ta fito maka kuma ka ga Can't open display, galibi ta SSH (shiga daga wata kwamfuta) ko cron (mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara) ka kira shi, bai san sikirin ɗin da kake nufi ba, sa DISPLAY=:0 a gaban umarnin, wani lokacin har da XAUTHORITY, mai nuna fayil ɗin izinin shiga sikirin.

Sai ƙaramin abu ɗaya da ke wahalar da mutane, in za ka ja kibiya hagu ko sama da mousemove_relative, lambar da ke da alamar ragi yana ɗaukarta a matsayin zaɓi, sai ka sa karan ragi biyu kafin lambobin, haka: xdotool mousemove_relative -- -20 -15. Yanzu kowa ya buɗe taminal ɗinsa ya buga umarnin echo ɗin nan mu ga abin da ya fito masa.