Fodkas: Cokali nawa za a ba yaro?

Rabi: Salamu alaikum jama'a, Rabi ce, ga Isuhu ga kuma Yaya Lawali namu na farmasi. Tun shekaranjiya gurup ɗinmu na WhatsApp bai huta ba kan hoton kwalaben siro ɗin nan biyu, kowa da abin da yake cewa, to Yaya bisimilla.

Lawali: Ai hoton nan ya tada min hankali wallahi. Duka biyun parasitamol ne, launin ma kusan ɗaya, amma ɗaya an rubuta 120 mg cikin 5 ml, ɗayar kuma 250 mg cikin 5 ml, sai ga mutane suna ta rubuta "cokali ɗaya ne dai", "a'a cokali biyu", ba wanda ya tambayi kilon yaron, ba wanda ya dubi lambar da ke jikin kwalba.

Isuhu: To amma Yaya ba shekaru ake dubawa ba? Mu haka muka taso muka gani.

Lawali: Kilo ake dubawa ƙanena. Ɗan shekara biyu wani kilo 9 ne wani 13, ka ga ba ɗaya ba. Ƙa'idar parasitamol ga yaro 15 mg ne ga kowane kilo, bayan awa 6 a sake, kada a wuce 60 mg ga kilo a yini da kwana. Ɗauki yaro mai kilo 10, 15 sau 10, 150 mg ke nan. Yanzu sai ka koma ga kwalba. Mai 120 ɗin nan in ka raba da 5, kowane ml yana da 24 mg, 150 a raba da 24, ya ba ka ml 6 da ɗan kwata. Mai 250 kuwa kowane ml 50 mg ne, ml 3 kawai yaron ke buƙata. To uwar da ta saba da ml 6 ta sawo mai ƙarfin ba ta lura ba, ta ba shi 300 mg, ninki biyu, kuma sau huɗu a rana, kwana biyu kwana uku masassara ba ta sauka ba tana ta ƙarawa, hanta ce ke shan wahalar kuma ba ta nuna alama da wuri.

Rabi: Subhanallahi. To wanda ake rubuta 2,4% fa, irin siron parasitamol ɗin nan Doliprane na yara?

Lawali: Yawwa, kashi cikin ɗari ɗin nan nufinsa giram nawa ne cikin 100 ml. 2,4 giram shi ne 2400 mg, raba da 100, 24 mg a ml, ka ga daidai yake da mai 120 cikin 5. Efferalgan na yara kuma, shi ma parasitamol, 3% ne, 30 mg a ml. Shi ya sa ma'aunin da ya zo cikin kwali mai lambobin kilo na wannan maganin ne kaɗai, kar a ɗauki na Doliprane a auna wani siro da shi don an ga kilon yaro a jiki.

Isuhu: Ni dai cokalin nan ne matsalata. A takardar likita sai ka ga c. à c., na Najeriya da ke shigowa ta Ɗan Isa kuma tsp.

Lawali: Duka ƙaramin cokali ne, 5 ml. Babba, c. à s., 15 ml ne, ninki uku. Amma cokulan gidajenmu wa ya auna su?

Rabi: Gidanmu cokali uku ne kuma ba wanda ya yi kama da ɗan uwansa, akwai na shayi, akwai na shinkafa, akwai wanda ya lanƙwashe.

Isuhu: Ki bari kawai, wata tsohuwa a unguwarmu cewa ta yi ita ludayi ta sani.

Rabi: Ludayin fura ko na kunu? Don su ma akwai bambanci hahaha

Isuhu: Na furar Zinder ko na Maradi, ai na nan Maradi ya fi zurfi.

Rabi: Kai Isuhu za ka ja mana faɗa da Damagarawa, suna saurare fa.

Isuhu: Su zo da nasu mu gwada, a kawo fura da nono mai sanyi, Yaya Lawali ya yi alƙalanci da sirinji.

Lawali: To sirinjin dai shi ne maganar. A sayi na 5 ml ko 10 ml, a cire allurar, a ja maganin daidai layi a zuba a gefen kumatu a hankali. Kuma abin da ke ƙona min rai, a ba yaro siro na masassara sannan a ƙara masa na mura daga ƴan tebur, alhali shi ma da parasitamol a ciki, lissafi ya tashi biyu ba wanda ya sani. Amoksisilin na gari ma haka, akwai 125 akwai 250 cikin 5 ml, kuma ruwan da ake zubawa iyakarsa layin da ke jikin kwalba, na sha ganin an cika har wuya wai don ya daɗe, magani ya tsinke yaro bai samu abin da aka rubuta masa ba.

Rabi: Yanzu da damina ga zazzaɓin cizon sauro...

Lawali: Shi ma Coartem da kilo yake tafiya. Daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga 35 zuwa sama huɗu, safe da yamma kwana uku, bayan an yi gwaji an tabbatar. Duk lokacin da aka je awo a riƙe lambar kilon, ko a rubuta a bayan katin yaro.

Isuhu: Yaya lokaci fa, kuma mun yi wa ɗaliban jinya alkawarin lissafin ƙarin ruwa.

Lawali: To da sauri, igiyar da aka saba ɗigo 20 ne ml ɗaya, 500 ml cikin awa 8, minti 60 a raba da ɗigo 20 ya ba ka 3, sai ka raba 500 da 3 sau 8, wato 24, kusan ɗigo 21 a minti. Igiyar yara ƙanana ɗigo 60 ne ml ɗaya, wannan sai an zauna.

Rabi: Sai mako mai zuwa ke nan, a turo hotunan kwalabe a gurup, a ɗauki inda lambar take ba gaban kwali ba. Isuhu kashe na'urar.