Jawabin Maraba Ga Mai Girma Shugaban Hukumar Kula Da Wutar Lantarki

Ranka ya daɗe, mai girma Shugaba, da 'yan tawagarka, sannunku da zuwa, barkanku da hanya. A madadin injiniyoyi da masana lissafin kuɗin wuta da ke wannan zaure, muna godiya da ka ware lokaci don batun da ya dame mu: yadda za a sa kamfanonin rarraba wuta su taya abokan cinikinsu yin tsimi.

Tushen matsalar yana cikin yadda kamfani ke samun kuɗi. Muddin ribarsa ta rataya a kan yawan yunit ɗin da ya sayar, duk gidan da ya rage shan wuta ya rage masa kuɗin shiga ne, alhali gyaran taransifoma da albashin ma'aikata suna nan ba su ragu ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara raba ribar da yawan ciniki a 1982. Hukuma ce ke yanke abin da ya kamata kamfani ya samu a shekara. In ciniki ya gaza, a ɗan ɗaga farashin yunit. In ya haura, a sauke shi, rarar ta koma ga jama'a.

Sai dai wannan tsari tsoron asara kawai ya kawar, bai sa kowa himma ba. Dole a ɗora wa kamfani adadin wutar da zai rage, kamar yadda jihar Tekzas ta yi a 1999. Italiya a 2005 da Faransa a 2006 sun fito da takardar shaidar tsimi, wadda kamfanin da ya gaza zai iya saya a hannun wanda ya zarce.

Ranka ya daɗe, wajen awon tsimin da aka yi ne ake yawan tuntuɓe. Ƙwan fitilar LED mai wat 9 yana maye gurbin tsohon ƙwai mai wat 60. In yana ci awa 5 kullum, ya rage kusan yunit 93 a shekara. Amma wannan lissafi sai ƙwan yana maƙale a jikin soket. Wanda aka raba aka ajiye a durowa, ko jabun da ya mutu cikin wata uku, yana shiga rahoto ba tare da ya rage komai ba. Haka firji: in an ba da rangwame a kan sabo ba a karɓe tsohon an lalata shi ba, gida ya koma jan wutar firji biyu. Akwai kuma wanda da ma zai sayi kayan da kuɗinsa, tallafin da aka ba shi bai haifar da sabon tsimi ba.

Don haka muna roƙon hukumarka ta naɗa mai bincike mai zaman kansa da zai karanta mitar gidajen da aka zaɓa kafin aiki da bayansa, kuma kada a biya kamfani lada sai a kan abin da mita ta nuna. Tunda kuɗin shirin tsimin daga bil ɗin kowa yake fita, a ware wa masu ƙaramin ƙarfi kasonsu a rubuce cikin ƙa'ida, domin su ne ba su da halin sayen sabbin kaya ko da an yi rangwame.