Me ya sa yaran judo suke marin katifa?

Ku dubi yaran nan a wani bidiyo na ajin judo. Sun jeru, kowa ya kwanta rigingine, malami ya ba da umarni, sai ka ji tas! Hannuwa sun sauka kan katifa lokaci guda. A sake. Tas!

Duk sanda irin wannan bidiyon ya zaga intanet, sai mutane su kasu gida biyu. Wasu su ce yaran saranda suke yi tun ba a taɓa su ba. Wasu kuma, galibi iyaye, su ce: mun kai yaro a koya masa kaye, ga shi wata guda sai birgima yake yi.

To, ba saranda ba ce. Saranda a judo ɗan bubbugawa ne, sau biyu ko fiye, lokacin da aka shaƙe mutum ko aka danne masa gwiwar hannu. Wannan da kuke gani ukemi ne, koyon faɗuwa. A kansa za mu zauna yau.

Tarihi a gurguje. Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo, ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, a wani ɗan ɗaki na wurin ibadar Eishoji. Malamin makaranta ne shi, har ya shugabanci kwalejin horar da malamai, don haka tun farko tarbiyya ya sa a gaba. Judo ta shiga Olamfik a 1964, mata suka fara karɓar lambobinta a hukumance a 1992 a Basalona. Ya isa haka.

Mu koma kan katifa, a rage gudun hoton.

Fara da kai. Yaro zai faɗi ta baya, amma haɓarsa na manne da ƙirji, idonsa na kan ƙullin ɗamararsa. "Kalli ɗamararka!" Da Jafananci ne ko da Faransanci ko da Larabci, wannan tsawar ba ta canzawa. Dalili kuwa, idan wuya ya saki, ƙeya za ta fyaɗu da ƙasa. Ba ma sai ƙoƙon kai ya fashe ba. Fizgar nan kaɗai tana sa ƙwaƙwalwa ta motsa a ciki, ƙananan jijiyoyin da ke tsakaninta da rufinta su tsinke, jini ya taru. Ga shi kan yaro, idan aka gwada da jikinsa, ya fi na babba nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba.

Sai baya. A lanƙwashe yake, yaron ya dunƙule, yana mirginawa kamar taya, nauyin yana bin gadon baya a hankali maimakon ya sauka wuri guda.

Yanzu ga marin da ake ta magana. Ku lura, ba tafin hannu kaɗai ba ne. Hannun ne gaba ɗaya, daga yatsu zuwa kafaɗa, a miƙe, ɗan nesa da haƙarƙari, yana sauka daidai lokacin da baya ya taɓa katifa. Idan ya riga, hannun ya ɗauki nauyin duka. Idan ya makara, aikin gama ya gama. Amfaninsa biyu ne: yana baza ƙarfin faɗuwar a fili mai faɗi, yana kuma ba hannun aikin yi. Na biyun nan ni ya fi burge ni. Kowane ɗan Adam idan zai faɗi, hannu yake tokarewa da shi, ba tare da tunani ba. A nan wuyan hannu ke karyewa, gwiwar hannu ta goce, ƙashin kafaɗa ya tsage. Ba za ka hana yaro ɗan shekara 6 tokarewa da wa'azi ba. Sai dai ka musanya masa wannan ɗabi'ar da wata, ya maimaita har jikinsa ya riga tunaninsa.

Shi ya sa ake hawa daki-daki. A kwance, sannan a zaune, sannan a tsugunne, sannan a tsaye. Ta baya, ta gefe, ta gaba, sai alkafura ta kan kafaɗa. Eh, akwai gundura. Dubi fuskar wancan na ƙarshen layi, ya gaji da duniya.

Abin da bidiyon ba ya nunawa sosai shi ne rabin aikin yana hannun mai kayarwa. Ku kalli hannunsa na hagu. Bai saki hannun rigar abokinsa ba, har ma yana ɗan ja sama yayin da wancan ke sauka, don kansa kada ya kai ƙasa. Ana koya wa yaro ya kayar da mutum kuma ya tsare shi a motsi guda.

Me zai faru idan aka yi gaggawa? Amsar, abin mamaki, daga mahaifar judo ta fito. Wani mai bincike a Jami'ar Nagoya, Ryo Uchida, ya bi bayanan makarantun Japan, ya ƙirga ɗalibai 118 da suka rasu a judon makaranta tsakanin 1983 da 2011. Raunin kai ne kan gaba, da yawansu kuma 'yan shekarar farko ne, sababbin shiga da aka haɗa da waɗanda suka fi su ƙarfi. Kayen da aka fi ambata shi ne osoto-gari, wanda ake share ƙafar mutum ya tafi ta baya, wato daidai inda ƙeya take cikin haɗari. Iyayen yaran sun kafa ƙungiya, suka matsa lamba, musamman da ƙasar ta wajabta wasannin faɗa na gargajiya a ƙaramar sakandare daga 2012. An tsaurara horar da malamai, mace-macen suka ragu sosai. A 2022 kuma hukumar judo ta Japan ta soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaikun 'yan firamare, saboda manya sun mayar da ita a mutu ko a yi rai, har ana sa yara rage ƙiba.

Faransa ta bi wata hanya. A 1955 aka yi doka cewa sai mai shaidar gwamnati zai koyar da judo. Yau masu rajista a can sun haura rabin miliyan, sun ninka na Japan, mafi yawansu yara, kuma ba a san ƙasar da irin waccan asarar ba. Akwai ajin 'yan shekara 4 da 5, wanda kusan duk wasa ne: rarrafe, turereniya, mirgine-mirgine. Ɗamaru masu launi da ke nuna matakin ɗalibi, rawaya, ruwan lemo, kore, shuɗi, wani malamin judo ɗan Japan, Mikinosuke Kawaishi, ne ya yaɗa su bayan zuwansa Faris a 1935. Masu ra'ayin riƙau na ganin lallashi ne. Ni dai na ce yaro yana son ya ga ci gabansa a ƙugunsa, ina laifi?

A Burazil, ɗan wasan judo Flávio Canto ya kafa cibiyar koyar da judo mai suna Instituto Reação a 2003 don yaran unguwannin talakawa na Rio. Daga nan Rafaela Silva, 'yar unguwar Cidade de Deus, ta fito har ta ci zinariya a Olamfik na 2016. A sansanonin 'yan gudun hijira na Meheba a Zambiya da Dzaleka a Malawi ma ana koyarwa. Al'adu suna taɓa wasu abubuwa, misali sunkuyawar gaisuwa, wadda wasu iyaye ke ɗari-ɗari da ita saboda addini. Shaƙa da murɗe hannu kuwa, a gasar ƙananan yara an hana su.

Idan za ka leƙa ajin ɗanka, ƙyale allon lambobin yabo. Duba ko ana haɗa yara daidai girmansu, ko sabon shiga yana samun makonninsa na faɗuwa kafin a fara jefa shi, da kuma abin da malami yake yi idan kan yaro ya bugu. Ya kamata a fitar da shi daga katifa nan take, kada ya koma ranar ko da ya ce ya warke, domin bugu na biyu a kan na farko ya fi haɗari. Idan ciwon kai ya biyo baya, ko amai, ko jiri, ko barcin da ba a saba gani ba, asibiti kai tsaye, ba sai gobe ba.