Ita ake fara ganowa a wajen awo: lacca kan matan da ke dauke da cutar kanjamau a Zariya

(An kwafo daga rikodin din waya. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi laccar a taron mata a cikin birnin Zariya, an rage gaishe-gaishen farko saboda tsawo.)

Assalamu alaikum. Iyayena mata, yayyena da kannena, sannunku da hakurin zama, na baya kuna jina dai ko? Toh madalla.

Na ga sanda aka fadi abinda zan yi magana a kai wasu har sun gyara mayafi sun sunkuyar da kai, toh ku dago, ba wadda zan nuna da yatsa. Maganar kanjamau ce, ko ince cuta mai karya garkuwar jiki, kuma bangaren mata zan tsaya don nan ne aikina ya fi kaini.

Tun 1986 aka bayyana samun cutar nan a Najeriya, yau kusan shekara arba'in kenan. A 2018 gwamnati ta yi babban bincike gida gida, aka fitar da sakamako a 2019, aka ce mutum kusan miliyan 1.9 ne ke dauke da ita a kasar nan, kuma a tsakanin yan shekara 15 zuwa 49 mata kashi 1.9 cikin dari ne, maza 0.9. Wato mun ninka su. Amma abinda nake so ku rike shine wa ake fara ganowa a cikin gida, don wallahi daga nan duk rikicin yake tashi.

Namiji yaushe yake zuwa asibiti? Sai ciwo ya kayar dashi, in ba haka ba kemis ne da mai maganin gargajiya. Mace kuwa da ta samu ciki za ta je awo, a wajen awo kuma ana dibar jini a yi gwaji. Saboda haka ita ce take fara jin labari, ita ce za ta koma gida da takarda a jaka, sai ya zama a idon dangin miji ita ta kawo, alhali gwajin nan baya fadin wa ya sa wa wani, baya fadin yaushe aka dauka. Wata budurwa aka kawota gidan, ba ta san kowa ba sai shi. Wata mijin ya auro bazawara ba a yi gwaji ba, ko ita ta auri wanda matarsa ta rasu da "dogon ciwo" ba wanda ya tambaya wane irin ciwo ne. Wata karin jini ne tun da dadewa, wata kuma da ita aka haifeta, ta girma tana shan magani har ta isa aure.

Akwai wata yarinya da bana mantawa, ba zan fadi unguwarsu ba balle suna. Cikin fari, wata biyar. Da na fada mata sakamako ko kuka ba ta yi ba, ta dai zauna tana murza bakin hijabinta, can ta ce min "Anti, don Allah in na karbi maganin za ki juye min a wata roba?" Ta kawo robar man shafawa da ta wanke, muka juye, ta yaga takardar kwalbar ta jefa a kwandon shara tun a ofis. Wata shida tana sha a bandaki da daddare, in uwar miji ta zo kwana sai ta tsallake, in kishiya ta shigo daki ta tsallake. Maganin nan kuwa baya son tsallake, in ana sha ana bari kwayar cutar takan saba dashi ya daina yi mata aiki. Kun ga ita ba magani ta rasa ba, gashi nan kyauta a hannunta, mutum daya ta rasa a gidan nan da za ta sha a gabansa hankali kwance.

Don maganin yanzu ba irin na da bane. Kwaya daya ce a rana, wadda ake cewa TLD, ko da azumi ana iya tsara shanta da dare. Wadda take sha kullum, bayan wasu watanni in aka auna yawan kwayar cutar a jininta sai a ga ta yi kasa har na'ura ba ta ganinta, kuma in ta kai haka ta dore, ba ta sa wa mijinta ta hanyar kwanciyar aure. Warkewa ce? A'a, kar kowa ya rude ku, in ta bari za ta dawo, kuma masu yawo da lasifika a kasuwa suna cewa suna warkarwa da jarka daya sun kai mana mata da yawa kabari, Allah ya isa. Batun jariri kuma, in ba a yi komai ba, cikin jarirai dari 15 zuwa 45 za su iya dauka, a ciki ko wajen haihuwa ko a nono. In uwa na shan magani, ta haihu a asibiti, aka ba jariri maganinsa na ruwa, aka gwada shi a sati shida, abin yakan sauko kasa da 5 cikin dari. Kuma za ta shayar, nono zalla wata shida, ba ruwa ba koko. Toh a nan ne kaka take shigowa da ruwan rubutu da na dabino tace yaro na jin kishi, ita kuma uwar ba halin ta fadi dalili. Iyaye, in surukarku tace likita ya hana, ku bar ta haka, ba raini bane.

Yanzu me unguwa za ta iya yi? Ni ba zan ce ku tara miliyoyi ba. Na san matan da suke nan Zariya, ga asibitin koyarwa na Shika ga asibitin Gambo Sawaba a Kofar Gayan, amma sai su hau mota zuwa Kaduna ko Kano karbar magani don kar wata yar unguwa ta gansu a layi ta kai labari gidan biki. Ranar da ba kudin mota shikenan an fasa. Da bakinmu zai yi shiru da wannan kudin motar ya zama kudin kwai da wake. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya rufa asirin musulmi Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira, kullum muna ji a islamiyya, toh ga wajen aiki dashi.

Abinda na gani da idona yana aiki shine kungiyar matan da ke dauke da cutar ta junansu. Su hadu sau daya a wata, su yi adashe, wadda ba ta zo karbar magani ba a kirata a waya, in ba ta dauka ba wata ta saka hijabi ta je kamar ziyara. A wasu asibitoci akwai matan da su ma suna dauke da cutar, sun haihu yaransu lafiya kalau, aikinsu kenan su zauna da sabuwar da aka gano. Ni zan yi awa guda ina bayani ba a ji ba, ita kuwa ta dauko waya ta nuna hoton danta da kayan makaranta tace "shekarata goma ina sha", sai ki ga yarinya ta numfasa. Akwai kungiyar kasa ta masu dauke da cutar, NEPWHAN, akwai ta mata zalla, ASWHAN, ga hukumomin yaki da cutar, NACA ta tarayya da KADSACA ta jihar Kaduna, duk kofofi ne da za a iya bugawa.

Sannan akwai doka, da yawa ba su sani ba. Dokar hana nuna wariya ga masu cutar ta 2014 ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta saboda yana dauke da ita, ta hana a tona sakamakon mutum ba da yardarsa ba, har mu ma'aikatan asibiti ta hau kanmu, kuma gaskiya a cikinmu ma akwai masu sakin baki, ba zan kare su ba. Sai dai doka ba ta shiga tsakar gida da kafarta. Matar da aka ware mata kwano da buta, ko miji ya rasu tana takaba dangi suka kwashe yara suka ce ita ta kashe shi, wannan sai mai unguwa da liman da ku manyan mata kun tashi. Garin Hajiya Gambo Sawaba muke, matar da ta sha dauri a kan hakkin mata, bai kamata ace a nan ne mace za ta rasa mai raka ta wajen mai unguwa ba. Kuma kwano baya dauka, buta baya dauka, sauro baya dauka, ku ci tuwo tare.

Wani abu kuma, yawancin maganin nan da tallafin waje ake sayo shi, musamman shirin Amurka na PEPFAR da aka fara a 2003. A farkon 2025 da gwamnatinsu ta dakatar da tallafin kasashen waje kun ga yadda hankali ya tashi, mata suna ta kirana cikin dare "Anti maganin zai kare ne?" Don haka in yan siyasa sun zo neman kuri'a da atamfa da taliya, a cikin tambayoyin da za ku yi musu ku sa wannan, nawa aka ware wa magani a kasafin kudi.

Maza kuma, na ga malamai biyu uku a bakin kofa, Allah gafarta malam a taimaka a fada a masallaci, in matarka ta dawo daga awo da wannan labari kai ma ka je a gwada ka, da sauran matan gidan da yara, kafin ka dauko biro. Gwaji kafin daurin aure kuma har na zawarawa, har na wanda zai kara ta hudu.

Yarinyar nan ta robar man shafawa, a karshe yayar mijin ce ta fara sani, ita ta zaunar da kaninta ta rako shi asibiti da kanta. Na ji an fara kiran la'asar, Hajiya akwai lokacin tambaya ko sai an idar? Toh bayan sallah, wadda kuma ba ta son tambaya a cikin mutane ina nan dakin baya har magariba.