Jawabin Maraba ga Shugaban Ƙungiyarmu na Ƙasa a Sansanin Wikki da ke Gandun Dajin Yankari

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban ƙungiyarmu na ƙasa, ranka ya daɗe. Iyayenmu hakimai da dagatai na ƙasar Alkaleri, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu na jami'o'i, 'yan'uwana ma'aikatan gandun daji maza da mata, da ɗalibanmu da ke tsaye can baya, barkanku da wannan lokaci.

Ranka ya daɗe, a madadin mambobin wannan reshe na ƙungiyarmu ta masu kula da namun daji, ina yi maka barka da zuwa Yankari, sannu da hanya. Wanda ya baro Bauchi ya karya kwana a Dindima, ya shigo ta ƙofar Mainamaji, sannan ya ƙara tafiyar sama da kilomita 40 cikin daji kafin ya iso nan, ya cancanci a shimfiɗa masa tabarma. Tamu tabarmar ba ta da faɗi, amma Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wannan kam ka same ta.

Ba zan tsaya karanta maka tarihin da ka fi ni sani ba. Saboda ɗalibai kawai nake cewa an keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A cikinsa garken giwaye mafi girma da ya rage a Nijeriya yake, kuma yana cikin 'yan wuraren da har yanzu ake jin gurnanin zaki a ƙasar nan. Duk wannan hannun da dajin ya yi ta sauyawa, mutum ɗaya ne bai taɓa barin wurinsa ba: mai gadin daji. A kansa nake so in yi magana.

Lokacin da na kama aiki, da takardar makaranta a hannuna da ƙuruciya a kaina, an haɗa ni sintiri da wani dattijo wanda ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. A rana ta uku, a gaɓar kogin Gaji, muka iske kashin giwa. Ni na zaro littafi zan rubuta. Shi kuwa sai ya durƙusa, ya tura bayan hannunsa ciki don ya ji ɗumi, ya dubi reshen da aka karya ya ga ruwansa bai bushe ba, ya auna ƙaramin sawu da tafin hannunsa. Ya ce mini da raɗa, "Malam, uwa ce da ɗanta, ba su yi nisa ba. Mu koma bayan iska." Ba mu yi taku ɗari ba sai ga su. Da ni ke gaba a ranar, da mun faɗa tsakanin giwa da ɗanta, kuma kowa a nan ya san abin da hakan ke nufi. Wannan dattijo ya yi ritaya a matakin da bai yi nisa da wanda ya shiga aiki da shi ba. Ni da ya koya wa tafiya a daji, ni ne yau nake tsaye ina jawabi. Abin yana damuna har gobe.

Ba ina rena ilimin aji ba ne, Allah ya kiyaye. Kwalejin kula da namun daji ta New Bussa ta yaye da yawa daga cikinmu. Makarantar Garoua ta Kamaru da ta Mweka a Tanzaniya sun horar da manyan wannan sana'a a faɗin Afirka. Aikin ma ya canza. Bayan ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jiha a 2014, mun ga yadda abin wuyan da ake ɗaura wa giwa ke aiko da saƙo ta tauraron ɗan'adam, a san inda garke ya dosa kafin ya shiga gonar dawar wani. Wannan yana buƙatar matashin da ya iya kwamfuta da taswira. Amma na'ura tana faɗin inda giwa take ne kawai. Wanda zai ɗauki garin kwaki da ƙuli-ƙuli ya kwana bakwai a dawa, ya kwance tarkon waya, ya fuskanci mai bindiga cikin dare, ya zauna da makiyayi ko manomin da giwa ta yi wa ɓarna har ransa ya yi sanyi, shi ne wanda ba a cika jin muryarsa ba idan an zo zauren shawara.

Don haka roƙonmu na farko, kuma mafi girma, shi ne a ware wa masu aikin fili kujera a majalisar zartarwa ta ƙungiya, kujera mai ƙuri'a, wadda su da kansu za su zaɓi mai hawanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In an yi haka, maganar ƙarin girma za ta zo da sauƙi: ƙungiya ta fito da hanyar tantance gogewa, ta ba da shaida a kai, ta yadda shekara ashirin a daji za ta zama abin da mutum zai ajiye a kan tebur ranar jarrabawar ƙarin girma. Kowane malamin daji babba kuma a damƙa masa matashi ɗaya ko biyu ya horar da su, don yaranmu masu digiri su daina barin sana'ar tun ba su ɗanɗani daɗinta ba. 'Yan matan da suke shigowa yanzu, su ma a buɗe musu ƙofa sosai.

Akwai kuma iyalan waɗanda suka tafi sintiri ba su dawo ba. Duk ranar 31 ga Yuli duniya na tunawa da masu gadin daji, mu ma muna yi. Sai dai marayu ba sau ɗaya a shekara suke cin abinci ba. Muna fatan a zamaninka ƙungiya za ta kafa musu asusu na dindindin. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari.

Ranka ya daɗe, ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa dare da rana, ka wanke gajiyar hanya. Gobe bayan sallar asuba mota za ta kai ka bakin Gaji, inda ɓauna da gwanki da gwambaza ke saukowa shan ruwa. Mun zaɓi masu gadi biyu, tsoho da yaro, su zauna kusa da kai. Muna roƙo ka yi musu tambaya, ka saurare su.

Yanzu kuma, cikin girmamawa, ina gayyatar ka ka yi wa jama'arka jawabi. Bismillah, ranka ya daɗe.