tmux: Yadda Aikinka Zai Ci Gaba Ko Intanet Ta Yanke

Ga misali. Mun shiga saba (wata kwamfuta da ke nesa) ta SSH, wato hanyar sarrafa ta daga kwamfutarmu ta intanet, muna kwafe manyan fayiloli, aiki ya kai rabi, sai intanet ta yanke. Da sabar ta gane ba ka nan, sai ta aika wa tasharka, wato wurin da kake rubuta umarni, saƙon yankewa da ake kira SIGHUP, duk abin da ka tayar a ciki kuma ya mutu. Wanda ke jona kwamfuta da datar waya ya san zafin wannan.

Maganin ya daɗe da samuwa: manhajar da ke riƙe aikinka a kan saba ko ka yanke. Tun 1987 Oliver Laumann ya rubuta irin wannan manhaja mai suna Screen a Jamus. A 2007 Nicholas Marriott ya fito da tmux, OpenBSD, wani tsarin gudanar da kwamfuta, ta sa shi cikin tsarinta a 2009, daga baya kamfanin Red Hat ya cire Screen daga RHEL 8, tsarinsa na Linux, ya ce a koma tmux. Shi za mu koya.

Rubuta tmux new -s aiki ("aiki" shi ne sunan da ka ba wannan zaman). Ka ga koren layin da ya bayyana a ƙasa? To yanzu tmux ne ke riƙe da aikinka a bayan fage, tagar da kake gani leƙe kawai take yi. Tagar ta rufe, aiki na nan yana tafiya. In ka dawo, rubuta tmux attach -t aiki, za ka tarar da komai yadda ka bar shi, har da abin da ya fito ba ka nan. In ka manta sunan, tmux ls zai nuna maka.

A nan masu koyo ke yawan tuntuɓe, don haka saurara da kyau: a kan sabar za ka tayar da tmux, bayan ka shiga. In a kwamfutarka ka tayar da shi sannan ka yi SSH daga ciki, bai kare ka da komai ba.

Sauran umarni duk da Ctrl da b suke farawa. Danna su tare, ka saki, sannan d: ka fita ba ka kashe aiki ba. Alamar % ta raba allo gida biyu, c ta buɗe sabuwar taga.

Sai dai tmux ba ya tsallake sake kunna saba. In an kashe ta, aikin ya tafi, sai ka tayar da shi daga farko.