Jawabin Maraba ga Jakadan Ghana a Ranar Gasar Tarihi da Sanin Ƙasashen Duniya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Jakadan ƙasar Ghana a Najeriya, babban baƙonmu na yau. Wakilin Mai martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki. Ranka ya daɗe Hakimi. Wakilan Ma'aikatar Ilimi. Iyayenmu maza da mata. 'Yan uwana malamai. Sai ku ɗalibai da kuka cika wannan ɗaki tun da hantsi. A madadin wannan makaranta ina yi wa kowa barka da zuwa. Mai girma Jakada, sannu da hanya, sannu da ƙurar Kano. Hausawa na cewa baƙonka Annabinka, to ga mu ga ka, abin da muka gaza a karɓarka ka yafe mana.

Da Hausa zan yi jawabin nan, ranka ya daɗe. Ga tafinta nan kusa da kai, amma ban ji nauyin yin hakan ba, domin mutumin da ya fito daga ƙasar da ke da Nima da Sabon Zongo a Akra, da zangon Kumasi, ba baƙon wannan harshe ba ne ko da bai iya mayarwa ba.

Abin da ya tara mu gasa ce. Yaran nan da kake gani sun sha hadda: babban birnin kaza, shekarar da kaza ta sami 'yanci, wane ne ya mulki kaza. Ƙasarka kuwa tana cikin waɗanda masu shirya tambaya suke so, saboda tana da tarko. A tambayi yaro ina tsohuwar daular Ghana take, sai ya yi wuf ya nuna Akra a taswira, alhali daular tana can arewa, tsakanin kudancin Muritaniya da yammacin Mali na yau, inda kufan Kumbi Saleh yake. Sunan ne shugabanninku suka ɗauko don girmama tarihi lokacin da suka ajiye sunan Gwalkwas da Turawa suka laƙaba wa ƙasar. A tambaye shi ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya, sai ya ce Kofi Annan, ya manta Boutros-Ghali na Masar ya riga shi, daga 1992 zuwa 1996. Irin wannan sani yana da daɗi, yana kuma kawo kofi gida. Sai dai ni a matsayina na malami ina da damuwa guda. Yaro zai iya haddace duk wannan, ya ci gasa, bai san cewa kakan kakansa ya taka zuwa ƙasar da ƙafarsa ba. Shi ya sa da aka ce wa za mu gayyata bana, muka ce a nemo mana Jakadan Ghana.

Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja. Gwanja ɗin nan tana arewacin ƙasarku. Tun daga lokacin har shigowar jirgin ƙasa, hanyar ba ta yi ciyawa ba. Fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato cikin ayari, madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da mazaunin kwana. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi ba sa wasa, su bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, kafin su sauke kaya a Salaga. Tafiya ce ta wata da watanni, wani ma sai shekara ta kusa zagayowa kafin iyalinsa su sake ganinsa. Jakuna na ɗauke da kanwa da turkuɗi da jar fata da gabu. Abin da ake komowa da shi kuwa goro ne, wanda ake kawowa daga dazuzzukan Ashanti, mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa.

Ɗalibai, ku ɗan tsaya a nan ku yi tunani. Goro ba gishiri ba ne da za a ɗaure a manta. Abu ne mai rai, in ya bushe ya tashi daga aiki, in ya jiƙe da yawa ya ruɓe, in ƙwaro ya shiga ɗaya sai ya bi sauran. Saboda haka bafatake kan sauke huhu a zango, ya kwance igiya, ya buɗe ganyen fita, ya bi goron ɗaya bayan ɗaya yana tsince mai tabo, ya yayyafa ruwa, ya sake naɗewa, gobe a ci gaba da tafiya. Haka zai yi ta yi har kasuwar Kurmi ta nan Kano. Ƙwaryar goron da ake rabawa a ɗaurin aure da suna a birnin nan, a wancan zamani da wannan wahala take isowa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan fatauci suka yi suna, kuma na tabbata a cikin ɗakin nan akwai jikokinsu, wasu sun sani wasu ba su sani ba. Wanda ya je kasuwar goro ta Mariri ya ga yadda ake juya huhu har yau, ya ga ragowar wannan sana'a.

Ba zan ɓoye ba, ba kanwa da goro kaɗai aka yi ciniki a Salaga ba. Babbar kasuwar bayi ce, kuma mutanenmu na cikin masu saye da sayarwa. Haka nan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, akwai sojojin Hausa a rundunar da Glover ya jagoranta. Wannan ma tarihinmu ne, kuma gara yara su ji shi daga bakin malamansu.

A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da Akra. Cikin waɗanda suka koma Kete Krachi akwai mutumin da nake so kowane ɗalibi ya fita da sunansa yau: Alhaji Umaru, wanda wasu ke kira Umaru Salaga. A nan Kano aka haife shi wajen 1858, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya bi hanyar fatake, ya zama limamin Kete Krachi, a can ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata, har da annobar murar da ta game duniya a 1918. Ya kuma rubuta labaran ƙasar Hausa da al'adunta da ajami, wani jami'in Jamus mai suna Mischlich ya tattara, domin a lokacin garin yana hannun Jamusawa. Ga Bakano, ga ɗaya daga cikin manyan marubutan Hausa, amma a Ghana aka fi saninsa. Tsohon garin da ya zauna ma yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta, tun da aka datse kogin a Akosombo. A ganina abin kunya ne a gare mu ɗalibin Kano ya san ranar haihuwar sarakunan Turai bai taɓa jin sunan wannan malami ba.

Na zamani kuwa yara sun fi ni iya shi. Ranar 6 ga Maris 1957 Kwame Nkrumah ya tsaya a Akra ya shelanta 'yanci, ya ce 'yancin Ghana ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da 'yantar da Afirka baki ɗaya. Shekara uku bayan nan Nijar da Najeriya suka bi sahu. A taron Adis Ababa na 1963, inda aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Nkrumah ya nemi a dunƙule a zama gwamnati ɗaya nan take, namu Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ce a bi a hankali, a fara da ciniki da hanyoyi da sadarwa. Ra'ayin su Ɓalewa ne ya yi rinjaye. Ikon Allah, su biyun a shekara ɗaya sojoji suka kawar da su: Ɓalewa aka kashe shi a Janairun 1966, Nkrumah aka hamɓarar da shi ranar 24 ga Fabrairu yana kan hanyar zuwa Hanoi, ya yi zaman gudun hijira a Gini wurin Sekou Toure, ya rasu a Romaniya a 1972. Wa ya fi gaskiya a tsakaninsu? Na bar wa ƙungiyar muhawara ta makaranta. Abin da zan ce kawai, yau hedkwatar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Akra take, wato hanyar Ɓalewa ce aka bi, amma a gidan Nkrumah ta sauka.

Ranka ya daɗe, tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Ghana. Dubban 'yan Najeriya suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka, ciki har da waɗanda a can aka haife su, ba su san kowa a nan ba. A farkon 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka kama hanya. Jakar nan ta leda mai ratsi-ratsi da ke ɗakin kowace uwa a garin nan, daga wannan kora ta samo sunan da muke kiranta da shi, yara na faɗa suna dariya ba su san hawayen da ke ciki ba. Cikin waɗanda suka tafi akwai malaman makaranta da yawa. Iyayen da ke zaune a nan, duk wanda ya yi sakandare a shekarun 1970 zai wuya bai zauna gaban malami ɗan Ghana ba, a darasin lissafi ko Turanci ko kimiyya. A madadin waɗanda suka koya daga hannunsu, muna roƙonka ka kai musu godiyarmu.

Akwai kuma abin da muke kallo a wurinku muna sha'awa. Tun da kuka koma mulkin farar hula da tsarin mulkin 1992, jam'iyya mai mulki ta sha kaye ta miƙa ragama lafiya a 2001 da 2009 da 2017 da 2025. Kofi Annan, ɗan Kumasi, wanda ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, shi ya zaunar da Obasanjo da Paul Biya har aka sa hannu kan yarjejeniyar Bakassi, rikicin da ya kusa jefa mu yaƙi da Kamaru. Sannan ga Babban Limamin ƙasarku, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, dattijo mai jin Hausa, wanda a 2019, yana cika shekara 100, ya taka har cocin Katolika a Akra ranar Ista don gaisuwa da zumunci. Mu da muka san abin da rikicin addini ya ci mana a arewa, ba sai an yi mana bayanin nauyin wannan ziyara ba.

Al'ada ce mai masauki ya gabatar da koke, kuma ba za mu karya al'ada ba, sai dai namu ba na gini ba ne ko mota. Na farko, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon tana ajiye da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami, ciki har da na Alhaji Umaru. Muna roƙon ofishinka ya shige mana gaba a samo mana kwafinsu, ko a takarda ko a kwamfuta. Muna da ɗalibai da suka yi allo, suna karanta ajami, malaman Hausa kuma sun yi alkawarin zama da su. Na biyu, muna so a haɗa mu da wata makarantar sakandare a Tamale ko Salaga ko Kumasi, yara su riƙa musayar wasiƙa, in hali ya yi waɗanda suka ci gasa su kai ziyara, tunda ɗan ƙasar ECOWAS ba ya bukatar biza. Zumunta a ƙafa take, kuma motar Akra na tashi daga Kano.

Yanzu za a shiga zagayen ƙarshe na gasa, mun kuma ware tambayoyi uku na ƙarshe domin kai da kanka ka yi wa yaran, daga duk inda ka ga dama a tarihin duniya. Bayan nan muna roƙonka ka miƙa kofi ga waɗanda suka yi nasara, sannan ka yi mana jawabi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara danƙon zumunci tsakanin Ghana da Najeriya, ya mayar da kai Abuja lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.